Yadda ake sauya wa manhaja suna a shigar da ita cikin babban aikin buɗaɗɗiyar manhaja

Ka rubuta 'yar manhaja don biyan buƙatar kanka, ka ɗora ta a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, mutane suka fara amfani da ita. Ana nan sai masu kula da wani babban aiki na buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin rubutunta ya gyara, suka ce ka kawo ta cikin nasu, da sharaɗin ta ɗauki suna irin na gidansu. Na yi wannan ƙaura sau da dama, wani lokaci ni ne mai kawowa, wani lokaci ni ne mai karɓa. Buga sabon suna ba ya cin yini guda. Abin da ke cin lokaci shi ne mutanen da ba ka taɓa gani ba, waɗanda suka rubuta tsohon sunan a cikin nasu aikin suka manta da shi, kuma gobe da safe za su kunna kwamfuta suna sa ran komai na nan yadda suka bar shi. Yawancin matakan da ke ƙasa saboda su ne.

Zan yi misali da manhajar Python. Tsohon sunanta `tsohonsuna`, sabon `sabonsuna`, aikin da za ta shiga kuma `babbanaiki`. In taka ta JavaScript ce, zan riƙa nuna inda npm, rumbun da ake sauke manhajojin JavaScript, ya bambanta.

Abin da za ka tanada

- Git na kwanan nan, wato manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aiki. Umarnin haɗe tarihi biyu da za mu yi amfani da shi ya shigo ne a siga ta 2.9, amma ka sabunta naka kawai ka huta.
- `git-filter-repo`, wanda ake saka shi da `pip install git-filter-repo`.
- Cikakken kwafin ma'ajiyar (repository) biyu, taka da tasu. Na san data na da tsada, kuma mun saba da `--depth 1` don rage nauyi. Ban da nan. Kwafin `--depth 1` ba shi da tarihi, kuma tarihin ne muke son ɗauka. Ka nemi wurin da intanet ke da ƙarfi ka sauke sau ɗaya.
- Damar shiga asusunka na PyPI, rumbun manhajojin Python, ko npm. PyPI ta wajabta tantancewa mai mataki biyu tun farkon 2024, don haka ka tabbata wayar da ke ba ka lambar tana hannunka kafin ranar saki.
- Gwaje-gwajen manhajar, kuma duk suna wucewa. In ba ka da su, rubuta ko da guda biyar ne da ke kiran manhajar yadda mai amfani ke kiranta.
- Kwafin ajiya: `git clone --mirror`, a ajiye a wani faifai daban. Kada ka taɓa shi.

Kalma ɗaya da zan yawaita: kwamit, wato kowane sauyi guda da Git ya adana da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi.

1. A yi magana a rubuce kafin a taɓa komai

Buɗe tattaunawa a shafin ƙorafe-ƙorafe (Issues) na `babbanaiki`, inda kowa zai gani. Maganar da aka yi a WhatsApp ko a gefen taro ba ta isa ba, domin wanda ya ce maka "kawo mana" ba lallai shi ne mai danna maɓallin karɓa ba. A samu amsar waɗannan: a wace folda manhajar za ta zauna? Suna son tarihin kwamit ɗinka duka, ko a dunƙule shi ya zama ɗaya? Wa zai riƙa duba gyare-gyarenta bayan ta shiga, kai ko su? Za ta riƙa fita tare da babban aikin, ko tana da nata lokacin saki? In ba ka tambayi ta uku ba, wata shida nan gaba za ka tarar kana neman izini kafin ka gyara abin da kai ka rubuta.

2. Lasisi da haƙƙin mallaka

A nan ne ƙaura ta fi mutuwa, shi ya sa na sa shi kafin suna.

Dubi lasisinka, ka dubi nasu. Abin da ke ƙarƙashin MIT ko BSD yana shiga kusan ko'ina, muddin an bar sanarwar haƙƙin mallakar da ke kansa. Abin da ke ƙarƙashin GPL ba ya shiga aikin MIT ko Apache ya koma nasu lasisin, sai in masu shi sun yarda. Akwai kuma tarkon da mutane ke faɗawa: Apache 2.0 yana tafiya da GPL siga ta 3, amma ba ya tafiya da aikin da ya tsaya a kan siga ta 2 kaɗai.

"Masu shi" ba kai kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa aiko maka da gyara ka karɓa, yana da haƙƙi a kan abin da ya rubuta. Buga wannan ka gan su:

`git shortlog -sne`

In ana buƙatar sauya lasisi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya su amince a rubuce. Masu VLC sun sha wannan wahalar lokacin da suka mayar da injin manhajarsu daga GPL zuwa LGPL a 2011: sai da suka bi sawun waɗanda suka taɓa sa hannu a ciki. Wanda ya ƙi, ko ka neme shi ka rasa, mafita ɗaya ce: cire abin da ya rubuta, a sake rubuta shi daga farko. Shiru ba amincewa ba ne a wannan fagen.

In a wurin aiki ka rubuta manhajar, ko da kwamfutar ofis, karanta takardar ɗaukarka aiki. Ta yiwu ba kai ke da ita ba. Manhajar nan ta binciken zirga-zirgar intanet da ake kira Wireshark, asalin sunanta Ethereal. Marubucinta ya sauya wurin aiki a 2006, sunan kuma rajistarsa na hannun kamfanin da ya baro, dole ya tafi da manhajar ya bar sunan.

Sannan ka tambayi tsarin gidan da za ka shiga. Wasu, kamar Gidauniyar Apache, suna son a sa hannu a takardar yarjejeniya. Wasu suna bin tsarin da Linux ta fara a 2004, inda kowane kwamit ke ɗauke da layin `Signed-off-by`, wanda `git commit -s` ke sakawa.

3. Zaɓen suna

Firefox ya fara ne da sunan Phoenix a 2002. Wani kamfani mai wannan sunan ya yi magana, aka koma Firebird a 2003. Sai ga shi akwai manhajar rumbun bayanai mai suna Firebird, ita ma buɗaɗɗiya, masu ita suka tayar da jijiyar wuya. A Fabrairun 2004 aka zauna a kan Firefox. Sauyi biyu cikin ƙasa da shekara ɗaya, kuma na biyun bincike na rabin awa zai iya hana shi.

Nemi sunan a PyPI, npm, GitHub, jerin manhajojin Debian, da injin bincike. PyPI ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, kuma `-` da `_` da `.` duk ɗaya ne a wurinta, saboda haka `sabon-suna` da `Sabon_Suna` suna ɗaya ne. In sunan Hausa kake so, ka sani PyPI da npm ba sa karɓar ƙ, ɗ, ɓ ko alamar ɗauri a sunan ƙunshi, wato sunan da ake sauke manhajar da shi. Rubuta shi ba lanƙwasa ka karanta da ƙarfi, ka ji ko ma'anar ba ta juya ba, kada ka yi nufin ƙafa a karanta kafa.

4. Lissafa duk inda tsohon sunan yake

`git grep -i tsohonsuna`

Sake nema da sauran siffofinsa: `tsohon-suna`, `tsohon_suna`, `TsohonSuna`, `TSOHONSUNA`. Sai `git ls-files | grep -i tsohon` don sunayen fayiloli. Raba abin da ka samu gida biyu a takarda.

Na cikin gida, wanda babu mai gani sai kai: sunayen ayyuka na ciki, sharhi, gwaje-gwaje. Waɗannan ka sauya yadda ka ga dama.

Na waje, wanda wasu suka dogara da shi: sunan da ake `import`, umarnin da ake bugawa a taminal, sunaye irin `TSOHONSUNA_TOKEN` da ake saitawa a na'ura, foldar saiti kamar `~/.config/tsohonsuna`, sunan hoton Docker, adireshin shafin bayani, sunan tebur a rumbun bayanai. Kowane ɗaya a wannan jerin na buƙatar gada, za mu zo kanta a mataki na 6.

5. Sauya sunan, a tsohuwar ma'ajiya tukuna

Kada ka haɗa sauya suna da ƙaura a rana ɗaya. In abu ya lalace ba za ka san wanne ne ya jawo ba.

Buɗe sabon reshe. Kwamit na farko matsar da fayiloli ne zalla:

`git mv tsohonsuna sabonsuna`

Kada ka gyara ko harafi ɗaya a cikinsu a wannan kwamit ɗin. Dalili kuwa, Git ba ya rubuta cewa an sauya wa fayil suna. Yana kwatanta wanda ya ɓace da wanda ya bayyana ne, in sun yi kama da aƙalla rabi sai ya ce ɗaya ne. In ka matsar kuma ka gyara a lokaci guda, ƙananan fayiloli za su kasa kai wannan ma'aunin, `git log --follow` ya rasa asalinsu.

Kwamit na biyu shi ne gyaran abin da ke ciki. Ana iya yi da `sed`, amma ka karanta `git diff` layi-layi kafin ka adana. Na taɓa sakin `sed` a kan ma'ajiya gaba ɗaya, ya shiga fayil ɗin tarihin sauye-sauye ya mayar da labarin shekara uku kamar da sabon suna aka yi shi, ya kuma lalata adireshin tsofaffin ƙorafe-ƙorafe. Abin da ya wuce a bar shi da sunan da ya wuce da shi.

In bambancin sunayen babban harafi da ƙarami ne kawai, Windows da macOS a tsarinsu na asali ba sa ganin bambancin. Bi ta wani suna na wucin gadi, `git mv` sau biyu.

Gudanar da gwaje-gwaje a sabon muhalli mai tsabta. A tsohon muhallinka an riga an saka tsohuwar manhajar, za ta rufe maka kurakurai.

6. Gina gada

Bar 'yar folda `tsohonsuna` da `__init__.py` mai ɗauke da wannan:

```
import warnings
from sabonsuna import *
warnings.warn("tsohonsuna ya koma sabonsuna", FutureWarning, stacklevel=2)
```

Abu biyu a nan. Na farko, `DeprecationWarning` shi ne wanda kowa ke fara ɗauka, amma Python na ɓoye shi a mafi yawan lokuta. In masu amfani na ƙarshe kake so su gani, `FutureWarning` ne ke fitowa. Na biyu, layin `import *` bai isa ga wanda ke rubuta `import tsohonsuna.lissafi` ba. Kowane ƙaramin sashe da mutane ke kira kai tsaye sai ka yi masa nasa ɗan fayil mai turawa.

Umarnin taminal: a `pyproject.toml`, ƙarƙashin `[project.scripts]`, sa sunayen biyu. Tsohon ya buga gargaɗi ya ci gaba da aiki. Gargaɗin ya fita ta `stderr`, hanyar saƙonnin kuskure. In ka tura shi `stdout`, hanyar da sakamako ke fita, duk wanda ke miƙa sakamakon manhajarka ga wata manhajar zai tarar da jimlar gargaɗi a tsakiyar bayanansa.

Saiti: a fara duba sabon wuri, in babu a duba tsoho. Kada manhajar ta goge ko ta matsar da fayil ɗin mutum ba da saninsa ba.

In masu amfani sun yi yawa sosai, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi: sauya sunan ƙunshi, ka bar sunan `import`. Haka Pillow ta yi da ta gaji PIL. Har yau `pip install pillow` ake bugawa, amma a rubuta `from PIL import Image`. Bai yi kyau a ido ba, amma ba wanda aikinsa ya tsaya.

7. Bincika tarihi kafin ka kai shi gidan mutane

Nemi kalmar sirri, makullin shiga, da manyan fayilolin da aka taɓa sakawa aka goge. Gogewa ba ta fitar da su daga tarihi. `gitleaks` na taimakawa wajen nema, in babu shi `git log -p` da `grep` ma sun yi. In ka samu makulli, soke shi a inda aka ba ka shi kafin komai, domin ya riga ya fita duniya. Cire shi daga tarihi tsafta ce kawai. Babban fayil kuwa, in ya shiga `babbanaiki`, duk mai sauke aikin zai riƙa biyan kuɗin datarsa har abada.

8. Haɗe tarihin

Yi sabon kwafi musamman don wannan, domin `git-filter-repo` na sake rubuta kowane kwamit, kuma ba ya yarda ya yi aiki a kwafin da ba sabo ba sai an tilasta shi.

```
git clone ADIRESHIN-TAKA kwafi
cd kwafi
git filter-repo --to-subdirectory-filter kayan-aiki/sabonsuna --tag-rename '':'sabonsuna-'
cd ../babbanaiki
git checkout -b shigo-da-sabonsuna
git remote add shigowa ../kwafi
git fetch shigowa --tags
git merge --allow-unrelated-histories shigowa/main
git remote remove shigowa
```

Layi na uku yana mayar da tarihin kamar tun ranar farko a `kayan-aiki/sabonsuna` aka rubuta komai, don kada `README.md` ɗinka ya yi karo da nasu. Yana kuma ƙara wa alamomin sigoginka suna a gaba, domin kai kana da `v1.0`, su ma suna da `v1.0`.

Ga abin da kusan kowa ke mantawa. Saƙon kwamit da ke cewa "ya gyara #12" yana nufin ƙorafi na 12 a ma'ajiyarka. Da ya shiga tasu, GitHub zai ɗauka nasu na 12 ake nufi, har yana iya rufe shi in saƙon na ɗauke da kalma irin `fixes`. Yi amfani da `--replace-message` ka mayar da su cikakken suna, kamar `asusunka/tsohonsuna#12`, tun kafin haɗewa.

In na'urar binciken `Signed-off-by` ta ƙi tsofaffin kwamit, kada ka sa wa wasu hannu da kanka. Wannan layin shaida ce ta mutum a kan aikinsa. Gaya wa masu kula da aikin su yanke yadda za a yi.

Da ka tura buƙatar haɗewa (pull request), rubuta a sama da manyan baƙi cewa a karɓe ta da kwamit na haɗewa. In wani ya danna maɓallin dunƙulewa (squash) bisa sabo, duk wahalar nan ta tafi, aikin mutum goma ya koma kwamit ɗaya da sunanka.

In ba ka samu `git-filter-repo` ba, `git subtree add --prefix=kayan-aiki/sabonsuna ../kwafi main` na shigo da tarihin, sai dai tsofaffin kwamit za su ci gaba da nuna tsoffin hanyoyin fayil, bin sawu ya ɗan yi wuya. In kuma su ne suka ce ba sa son tarihi, kwafe fayilolin a kwamit ɗaya, ka rubuta adireshin tsohuwar ma'ajiya da lambar kwamit na ƙarshe a saƙon, ka jera marubutan da layukan `Co-authored-by`.

9. Bi dokar gida

Haɗa gwaje-gwajenka da nasu, daidaita sigogin abubuwan da kuka dogara da su, shigar da bayanin manhajar cikin shafinsu. In suna da salon rubutu na dole, yi gyaran salon a kwamit nasa shi kaɗai, ka sa lambarsa a fayil ɗin `.git-blame-ignore-revs`, wanda GitHub ke girmamawa, don kada kowane layi ya nuna kai ne ka taɓa shi ƙarshe.

10. Saki

PyPI ba ta da maɓallin sauya suna, npm ma haka. Ana buɗe sabon ƙunshi ne. Fara sakin `sabonsuna`, ka saka shi a na'ura mai tsabta ka gwada. Bayan nan ka saki siga ta ƙarshe ta `tsohonsuna`, wadda babu komai a cikinta sai gadar nan da dogaro a kan `sabonsuna`. In ka juya jerin, akwai mintocin da duk mai sabuntawa zai samu kuskure. A npm ƙara da:

`npm deprecate tsohonsuna "ya koma sabonsuna"`

Lambar siga ta ci gaba daga inda ta tsaya, kada ta koma 0.1. Da io.js, wanda ya ɓalle daga Node.js a ƙarshen 2014, ya dawo aka haɗe a Satumban 2015, Node.js ya yi tsalle daga 0.12 zuwa 4.0, saboda io.js ya riga ya kai 3. Ba a so kowa ya ga lamba ta ja baya.

Kada ka goge tsohon ƙunshi. A Maris na 2016 rigima a kan sunan wani ƙunshi ta sa wani marubuci ya janye duk ƙunshinsa daga npm. A cikinsu akwai `left-pad`, mai layi 11 kacal, kuma manyan ayyuka irin Babel, da suka dogara da shi, suka kasa sauka a na'urorin mutane a ranar. Ban da wannan, a PyPI sunan da aka goge yana iya komawa hannun wani, ya ɗora abin da ya ga dama, masu tsohon umarni su sauke ba su sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Riƙe sunan, ka ƙara ɗaya daga masu kula da `babbanaiki` a matsayin mai shi, saboda halin rayuwa.

11. Tsohuwar ma'ajiya

Rubuta layi uku a saman `README`: sabon suna, sabon adireshi, umarnin sauyawa. Bi ƙorafe-ƙorafen da ke buɗe. GitHub na matsar da ƙorafi ne tsakanin ma'ajiyoyin da ke hannun mai su ɗaya kawai, don haka in suna da yawa, fara miƙa ma'ajiyar kanta ga ƙungiyar `babbanaiki`, sannan a matsar da su. In kaɗan ne, kwafe da hannu ka sa mahaɗi a ɓangarorin biyu. Masu buƙatun haɗewa da ba ka karɓa ba, rubuta wa kowannensu, ka gaya masa inda zai sake turawa.

In ka sauya wa ma'ajiya suna ko ka miƙa ta, GitHub na tura masu tsohon adireshi zuwa sabo. Turawar na mutuwa ranar da aka buɗe wata ma'ajiya da tsohon sunan a wannan asusun. Na yi wannan da hannuna, wai zan sa shafin sanarwa a tsohon wurin, sai na yanke hanyar da ke aiki. Shafukan GitHub Pages ba sa cikin turawar, haka ma in manhajarka aikin GitHub Actions ce da wasu ke kira da suna.

Daga nan ka kulle ma'ajiyar ta zama ta karatu kawai, zaɓin na can ƙasan shafin saiti.

12. Cire gada

Faɗi ranar tun a sanarwar farko, ka sa ta a cikin gargaɗin kansa. Ni ba na cirewa ƙasa da shekara ɗaya, domin masu amfani da Debian ko Ubuntu na dogon zango suna iya shekara biyu ba su ga sabuwar siga ba. Kafin ranar, dubi yawan masu sauke tsohon ƙunshi, ka nemi `import tsohonsuna` a binciken GitHub. Manyan ayyukan da ka gani har yanzu suna kan tsohon suna, aika musu gyaran da kanka, galibi layi biyu ne. Cirewar ta zo a babbar siga, daga 2 zuwa 3 misali, kuma siga ta ƙarshe mai gada ta ci gaba da zama a PyPI don wanda ya kafe lambarta a aikinsa.